Sunan da Hajara Ta Kira a Kan Tudu

"Yaya, ajiye kwarin nan... don Allah ka ajiye!"

Mai Nasara bai ko dubi ƙanwarsa ba. Yana tsugune a gindin rumbu yana shafa wa kibiyoyinsa dafi, gari bai gama wayewa ba.

"Shiga ki dubi Baba, Hajara. Ki gani yadda suka fasa mishi kai kamar ƙwarya!"

Jiya da la'asar shanun makiyaya suka faɗa gonar geronsu a bayan ƙauyensu, Cake. Mahaifinsu ya je kora, aka sauke masa sanda a ka. Tun lokacin bai san wanda ke kansa ba.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Wallahi ba ya cikinsu."

"Shi wa? Kunya ta hana ki faɗi? Ni na iya. Illo! Shanun gidansu ne, na ga shaida a kunnuwansu."

"Mijina ne fa, Yaya..."

"Ni kuma ubana ne!"

Ya rataya kwari, ya ture ta, ya fice.

Hajara ta yunƙura za ta bi shi, Inna ta riƙo zanenta. "Ina za ki da wanga ciki? Ubanki na kwance, ke miji kike ta?"

Hajara ba ta taɓa musa wa Inna ba. Yau sai ta zare hannun a hankali, ta fita tana kuka.

Goyon ciki ne ya maido ta gida. Illo ba ya iya shiga gidan surukai, sai ya zama kullum da hudowar rana yana kawo shanu tabki, ita kuma ta hau tudun yashi ta tsaya. Ya ɗaga sanda, ta ɗaga gefen mayafi. Hirarsu ke nan.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar kowace mace mai kunya. "Shi" take cewa, ko "mai shanun". Yakan tsokane ta, "Hajo tawa, kira ni sau ɗaya na ba ki karsana." Sai ta rufe fuska ta gudu ɗaki.

Ta san ba za ta riga yayanta zuwa tabki ba. Amma daga kan tudu murya tana sauka har bakin ruwa.

Yashi yana zame mata, cikin yana ja mata baya, tana dafa ƙasa tana hawa. Da ta kai sama rana ta fara leƙowa ta bayan goriba. Tabkin ya cika da ruwan damina, ya lanƙwaso gindin tudun, ya yi ja wur kamar garwashi. Bado ya buɗe, balbelu sun yi fari fat a gefe.

Ga Illo can a tsakiyar shanunsa, sun kewaye shi ta ko'ina, yana yi musu fito.

Ga kuma Mai Nasara a cikin duhuwar kaba, gwiwa a ƙasa, ya ɗana kibiya. Shanun ne kawai suka tare masa.

Ta kaɗa mayafi. Illo bai ɗago ba. Ta ce, "Kai! Kai mai shanu!" Kukan shanu ya haɗiye muryar.

Ta dafe ciki da hannu biyu, ta buɗe maƙogwaro.

"Illooo!"

Balbelu suka tashi. Illo ya juyo. Bai duƙa ba, bai waiwayi kaba ba. Sai ya ratso shanun ya fito fili, fuskarsa a sama, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Koma! Koma cikin shanu!"

Kibiyar ta shige shi a ƙasan haƙarƙari.

Shanu suka watse cikin ruwa. Hajara ta gangaro, tana faɗuwa tana tashi, ƙaya na yagar ƙafafunta. Tana gani yayanta ya fito da wuƙa tsirara. Illo ya tare shi da sanda, ta ji ƙarar karyewar ƙashin hannun yayanta, wuƙar ta faɗa laka. Suka kama juna suka zube. Da ta iso, Illo ya danne ƙirjin Mai Nasara da gwiwa, ya ɗora masa takobi a wuya, jini na ɗiga daga jikinsa zuwa fuskar yayanta.

"Kar ka yanka shi!" Ta zube a gabansu. "Yayana ne... na roƙe ka!"

Illo ya dubi cikinta. Dafin ya soma aiki. Ya jefar da takobin.

"Tashi," ya ce wa Mai Nasara. "Kawun ɗana ne kai. Jiya ina kasuwar Mayahi... ka tambaya."

Ya sulale. Ta tare kansa ta ɗora a cinyarta.

"Hajo... ashe kin iya."

"Yi shiru, rabin raina, yi shiru. Yaya, ka kira wanzami! Ka kira wani!"

"Jar karsanar nan... taki ce."

"Ba na so! Kai nake so, ka ji? Kai!"

Ta laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa suka bi ta har suka tsaya.

Daga ƙetaren tabki ihu ya taso. ’Yan'uwan Illo sun ga shanu a warwatse, sun taho a guje riƙe da masu.

Mai Nasara ya kamo kafaɗarta da hannunsa mai lafiya, yana kuka. "Taso mu tafi gida, ƙanwata. Taso!"

Ba ta ɗago ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuskar mijinta.

"Gudu, Yaya. Bi ta cikin kaba, ba zan nuna musu ba. Ka ce wa Inna ta yafe mini... a gidansu zan yi takaba."