Riga Guda, Samari Biyu

An hakaito cewa wani dattijo mai koyar da wasan zari-ruga ya rage da rigar ɗan tsakiya guda, samari biyu suna nemanta, ƙato da siriri. Ya gwada su har la'asar, sa'an nan ya kira ƙaton.

"Ɗana, da ƙwallo ta zo hannunka, me ka gani?"

"Baba, mutum uku na gani sun rufe ni."

Ya kira siririn. "Ɗana, kai me ka gani?"

"Baba, hanya na gani a buɗe, domin masu tsaronta sun koma kan ɗan'uwana."

Ƙaton ya karɓi rigar daga wurin dattijon, ya sanya wa siririn da hannunsa, ya ce, "Allah bai nuna mini hanyar nan ba. Ka riƙa gano mana ita."