Mai Awakin Kozina

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya Duje ya tayar da injin jirginsa na ruwa zai kai mijin ƙanwarsa tsibirin Kozina, ba da son ransa ba. Washegari za a yi wa jikar Duje baftisma. Ƙanwarsa Vinka da mijinta Zoran sun taho tun daga birni saboda bikin, shekara shida rabonsu da garin. Tun da suka sauka Zoran yake mitar cewa shi ba zai ci naman kanti ba alhali ga awakin jeji can a tsibiri babu mai su. Bindigarsa ma a bayan mota ya taho da ita.

Duje ya ce a bari sai da safe, Zoran ya ce da safe ai a kan wuta ya kamata naman ya kasance. Da Duje ya ga ba makawa sai ya kafa sharaɗi: za su bar tsibirin kafin ƙararrawar coci ta yamma, kuma ba za su haura wajen tsohuwar rijiya ba. Haka ya ga ubansa yana yi, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Ƙato da kai, har da furfura a hanci, kana tsoron akuya," in ji Zoran. "Vinka, ashe haka yayan naki yake?"

Vinka tana fere dankali a bakin ƙofa. Ta ce su dai su dawo kafin miya ta huce.

Teku a kwance take kamar an shimfiɗa zane. Da suka isa, Duje ya ɗaure jirgin a wani tsohon ƙarfe da aka kafa cikin dutse. Kozina farin dutse ne zalla, sai ƙaya da rusassun katangu da 'yan itatuwan zaitun da aka daina kula da su. Suka yi ta zagaye gefen ruwa, ba akuya sai kashinta. Zoran tsohon soja ne, ba ya son komawa gida hannu rabbana. Ya saɓa bindiga, ya rataya igiya a kafaɗa, ya kama hawa. Duje ya kira shi sau biyu, sannan ya bi shi, don ba zai iya komawa ya ce wa Vinka ya bar mata miji shi kaɗai ba.

A saman tudun rijiyar take, da wani ƙaton ɓaure a kanta. A gindin ɓauren wata farar akuya tana tsaye tana kallonsu, hantsarta cike da nono. Akwai tsohuwar tsirkiyar fata a wuyanta.

Duje ya yi ƙasa da murya ya ce wannan tana da mai ita, ya dubi wuyanta.

Zoran ya harbe ta a ciki.

Ba ta gudu ba. Ta durƙusa tana numfashi. Ya ɗaure mata ƙafafun baya, ya jefa igiyar kan reshe, ya ja ta sama tana shure-shure, ya yanka ta a rataye. Jini da nono suka haɗu suna ɗiga a kan dutse. Yana fara fiɗa yana 'yar waƙarsa ta barikin soja, sai ƙararrawar coci ta taso daga can ƙetaren ruwa.

Ƙararrawar tana yin shiru, gyare ma suka yi shiru.

Wari ne ya fara zuwa, warin tsohon bunsuru da na ruɓaɓɓiyar fata. Sai wani siririn fito daga bayan katanga. Awaki suka fara ɓullowa ta ko'ina, sun fi ɗari, babu wadda ta yi kuka. Suka kewaye ɓauren suka tsaya.

A bakin rijiyar, inda babu kowa ɗazu, wani dogon mutum yana zaune cikin rigar fata, hularsa ta rufe masa fuska. Yana nuna awakin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi. Da ya zo kan farar akuyar sai yatsan ya tsaya.

Ya miƙe. Kansa ya taɓa reshen da aka rataye ta. Da ya tako, Duje ya ji ƙarar kofato a kan dutse.

"Wanne ne a cikinku?"

Muryar kamar ana niƙa tsakuwa. Idon Duje ya tafi kan Zoran, kuma ya san abin nan mai rigar fata ya gani.

"Ni ne," in ji Zoran. "Sai me, tsoho?"

Ya ɗaga bindiga ya sake masa harsashi biyu a ƙirji. Ƙura ce kawai ta tashi daga rigar, kamar an bugi tsohuwar katifa.

Hannun abin ya miƙo ya kama Zoran a idon sawu. Duje ya ji ƙashin ya karye. Abin ya ɗaga Zoran kai a ƙasa, ya maka shi da katanga, ya sake makawa, har duwatsu suka zubo. Sannan ya sauko da akuyar a hankali, ya kwantar da ita, ya shafa mata kai. Ya ɗaure ƙafafun Zoran da igiyar, ya ja shi sama.

Ya sunkuya ya ɗauki wuƙar fiɗar.

Zoran yana lilo, jini yana bin gashinsa. Da ransa. Idonsa ɗaya a buɗe, yana neman Duje.

Duje ya zaro wuƙarsa ta gyaran komar kamun kifi ya ruga wajen gindin ɓauren, inda igiyar take ɗaure. Wani bunsuru ya tunkuye shi a haƙarƙari, ya ji abu ya ɓalle a ciki. Ya faɗi. Wata akuya ta cije shi a hannun hagu, ta tafi da yatsu biyu. Ya rarrafa. Ya miƙe.

Saura taku biyu tsakaninsa da igiyar.

Abin ya juyo, ya ɗaga hular. Ƙwayar idonsa a kwance take, irin ta akuya.

"Ɗaya na rasa," ya ce a hankali. "Kana so su zama biyu?"

Duje ya juya ya gudu.

Bai san yadda ya sauko ba. Ƙaya ta yage masa fuska. A bayansa tsakuwa tana gangarowa, kofatai suna biye da shi.

Ya faɗa cikin jirgi. Ƙullin igiyar ya ƙi kwancuwa da hannu ɗaya.

Awakin suka iso bakin ruwa. Na gaba suka shiga har wuya.

Ya yanke igiyar. Ya ja inji, ya ƙi. Ya sake ja. A na uku ya kama.

Daga saman tudun ya ji muryar Zoran, wanda bai taɓa ce masa yaya ba sai da zolaya.

"Yaya Duje. Yaya Duje."

Ya ƙara wa injin wuta don kada ya ji.

Washegari 'yan sanda suka haura da mutum shida. Abin da suka sauko da shi a cikin buhu, ba su bar Vinka ta gani ba, a rufe aka binne akwatin. Sun riƙe Duje kwana tara suna tambayarsa abu ɗaya, har likitan da ya duba gawar ya ce aikin nan ba na mutum mai karyayyen haƙarƙari da yatsu takwas ba ne. Aka sake shi. Baftismar sai bayan wata biyu aka yi ta, ba kiɗa, ba baƙi. Duje bai sake shiga teku ba, ya koma tsinkar zaitun a gonakin mutane.

Ya faɗa wa kowa cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai kai ga igiyar ba, kowa kuma ya yarda. Ranar da Vinka za ta koma birni ta same shi a bakin gaɓa. Ta tsaya tana duban guntun igiyar da ke reto a goshin jirgin, yankan wuƙa sumul.

Ta tambaye shi ko da wuƙa a hannunsa a can saman ma. Ya ce e. Ta tambaye shi ko Zoran yana da rai sa'ad da ya baro shi.



"Yana kirana," ya ce.

Vinka ta gyaɗa kai, ta shiga mota. Har yau ba ta sake taka garin ba.