Sarewar da Ba Wanda Ya Danna

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya raba ta da sauran ranaku. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, yaran unguwa sun watse, tituna sun fara yin tsit. Mai Fiyano yana zaune a ɗakin aikinsa, hedifon a kunne, ya ba duniya baya kamar yadda ya saba.

Ɗakin ƙarami ne, can ƙarshen gida. A da rabinsa nasa ne, rabi na matarsa. Keken ɗinkinta yana nan bakin taga inda ta bar shi, an lulluɓe shi da wani tsohon zane, shekara guda ke nan da rasuwarta. Mutum biyu suka rage a gidan, shi da 'yarsa mai shekara goma sha uku, wadda uwarta ta sa wa Kanari saboda surutu. Surutun bai ƙare ba, mai saurare ne ya ƙare. Takan zo bakin ƙofa ta zuba labarin makaranta, shi kuwa ya riƙa gyaɗa kai, ita tana zaton amsa mata yake, alhali kiɗa yake bi.

Sana'arsa haɗa kiɗa ce, na talla da na mawaƙa. Fiyanonsa tana da muryoyi fiye da ɗari, jita da ganga da goge da sarewa, kowace da lambarta. Waya guda ce ta haɗa ta da kwamfuta, ita kuwa kwamfutar ba sauti take ɗauka ba. Abin da yatsunsa suka danna take rubutawa, layi layi, har da duk wani umarnin canza murya. In hannu ya kuskure ya taɓa maɓalli ana tsakar ɗauka, to ta rubuta ke nan, in an zo saurare sai jita ta rikiɗe ta koma ganga a daidai wurin. Don haka ya kafa wa kansa doka: umarni ɗaya tak a goshin kowane layi, kafin kiɗa ya fara, daga shi ba ƙari. Yana alfahari da wannan doka tasa ƙwarai, har yakan ce ko ɓera bai isa ya canza masa murya ba.

Sakacinsa ɗaya ne. Layi na ƙarshe, na goma sha shida, kullum a buɗe yake barinsa, babu komai a ciki, wai ko wani tunani zai faɗo masa. In an kira magariba sai ya miƙe ya tafi masallaci, ya bar na'urar tana ɗauka, ɗakin kuwa ba kowa.

A wannan maraice da ya dawo, sai ya tarar layin ba wayam yake ba. Ga umarni a goshinsa, a shirye tsaf kamar shi ya sa: murya ta saba'in da huɗu, sarewa. Bayansa kuma ga ɗan kiɗa, bai fi danni bakwai ba.

"Kanari! Wa ya taɓa min fiyano?"

"Ni ban shiga ba, Baba."

"To ni da ke ne a gidan nan. Aljani ne ya shiga?"

Ya goge layin, ya ci gaba da aikinsa. Baki shi ke yanka wuya, amma a lokacin bai sani ba.

Washegari abin ya dawo, ya ƙara tsawo. Rana ta uku ya kulle ɗakin da kansa, ya jefa mukulli a aljihu, ya dawo ya tarar da shi ya cika layi. A ranar ne ya daure ya saurara har ƙarshe. Wani kiɗa ne mai sanyi, yana hawa a hankali, ya ɗan tsaya kamar mai jan numfashi, sannan ya sauko. Bai san shi ba, bai taɓa kaɗa shi ba, amma sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, kewa ta taso masa wadda bai san daga ina ba. Tsoro ya ce ya goge, hannu ya ƙi. Ya adana shi a fayil na dabam, bai gaya wa kowa ba.

Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi. Amma wanda aka ba hannu, kafaɗa yake nema. Sarewar ta fara tsallakowa cikin sauran layuka. Ya haɗa kiɗan tallan sabulu, mai talla ya zo saurare, ana tsakiyar ganga sai komai ya koma sarewa mai ban tausayi.

"Malam, sabulu nake sayarwa, ba ta'aziyya na zo ba," in ji mai tallan. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ran Mai Fiyano ya ɓaci. Ya shiga cikin saitin kwamfutar, inda ake zaɓar abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi, ya toshe ƙofar canjin murya gaba ɗaya. Ya rufe layi na goma sha shida. Da aka kira salla ya zare wayar, ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"Sai in ga ta inda za ka biyo," ya ce da ɗakin.

Yana dawowa, ƙafarsa ɗaya a cikin gida, dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo, wani ya biyo, har bakwai, kuma ba jifan yara ba ne, don tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar kiɗan nan daidai. Sai shiru. A tsakar gida ya hango Kanari tsaye, tsintsiya a hannu, idanunta a kan tagar ɗakin aiki. Ya kira ta ba ta waigo ba. Ya dafa kafaɗarta, ta buɗe baki kamar za ta amsa, amma abin da ya fito ba magana ba ce. Sarewa ce, siririya, mai sanyi, daga maƙogwaron 'yarsa.

Daga ranar Kanari ba ta sake furta kalma ba. Da rana tana ci tana sha, tana bin mutum da ido. Da magariba ta yi sai duwatsu su sauka, ita kuma ta je ta tsaya jikin keken ɗinki ta yi ta busa har duhu ya rufe. A asibiti aka leƙa maƙogwaro aka ce lafiya lau. Maƙwabta suka daina aiko yaransu. Gidan da ma shiru ne, yanzu ya koma kamar kango, Mai Fiyano ya zauna a ciki yana jin kewar surutun da bai taɓa saurara ba.

Yayarsa, wadda Kanari ke kira Gwaggo, ita ta zo a kwana na shida, ta dubi yarinyar, ta dube shi.

"Kai dai har kullum sai abu ya lalace kake cire wannan abin daga kunne. Tashi mu nemo Malam."

Malamin tsoho ne, ɗan siriri, ba ya da yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi zama a falo, ya ce a kai shi inda abin ya fara. Ya daɗe yana kallon fiyano da kwamfuta, ya sa aka yi masa bayanin layuka da umarni, yana gyaɗa kai.

"Wato ƙofa ka bari a buɗe kullum da magariba, sannan da baƙo ya saba shiga ka rufe ta a fuskarsa."

Aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Kanari, Gwaggo ta riƙe ta ta baya. Malam ya fara karatu, murya ƙasa ƙasa. Hasken taga ya yi ta raguwa. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa, wuyanta ya sandare, sai wata murya ta fito, ta tsoho tukuf, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Gidan mutane? Na riga tubalin gidan nan zuwa. Nan fili ne da, mu da yawa. Gari ya ci filin, dangina suka yi gaba, ni tsufa ya hana ni. Nan ƙarƙashin tagar nake, ban taɓa cutar da kowa ba."

"Yau ga shi ka cutar. Me yarinya ta yi maka?"

Kan Kanari ya juya a hankali wajen keken ɗinki.

"Matar nan in tana ɗinki, takan yi wata 'yar waƙa a hanci. Shekara goma sha biyu tana yi. Ni kaɗai ke saurare. Shi yana nan zaune, taku uku tsakaninsu, kunnuwansa a toshe. Da ta tafi ɗakin ya mutu. Na ga ƙofa a buɗe, na ce bari in sa waƙar a wurin da yake ji, ko ma rage wa juna kaɗaici. Ya goge ni. Na dawo, ya toshe. To ina zan kai ta? Sai na nemi wata ƙofar."

Gwaggo ta fashe da kuka. Mai Fiyano kuwa ya juya ya dubi keken ɗinkin. Shi da ya ɗauki muryar rabin mawaƙan gari, ba shi da muryar matarsa ko ta minti ɗaya. Ashe abin da ya adana a fayil ɗin nan shi ne kaɗai abin da ya rage na bakinta.

"Kaɗaici ba hujjar zalunci ba ne," in ji Malam. "Za ka fita."

"Zan fita. A bar min layin nan na ƙarshe, in riƙa zuwa da magariba."

"Ba a haɗa haya da ku. Yau layi, gobe ɗaki."

"To in tafi da abina. Ya goge wadda ya ɓoye, a gabana. Bai ji ta tana raye ba, ba zai ji ta bayan ranta ba. In ya goge, na bar yarinyar, na bar gidan, na rantse da wanda ya halicce ni da ku."

Malam ya juyo ga Mai Fiyano. "Ba dole sai mun biya masa ba. Ina iya ci gaba da karatu har ya fita don kansa. Amma zai ɗau kwanaki, kuma jikin da za a yi kokawar a ciki nata ne."

Mai Fiyano ya dubi 'yarsa, gumi ya jiƙa mata goshi, leɓɓanta sun bushe. Ya jawo kujera ya kunna kwamfuta.

"Bari in ji ta sau ɗaya," ya ce, ba Malam yake roƙo ba.

"Shekara goma sha biyu ana ba ka," in ji muryar.

Mai Fiyano ya juya ga kwamfutar. Ya nemo fayil ɗin ya goge, ya bi shi kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Malam ya ɗaga murya da karatu. Kanari ta yi atishawa sau uku, zanen da ke kan keken ɗinki ya ɗaga kaɗan ya koma, kamar wani ya wuce ta gefensa. Daga nesa aka fara kiran magariba, kuma ba dutsen da ya faɗo.

"Baba," in ji Kanari, da muryarta, a dishe. "Ƙishirwa nake ji."

Gida ya lafa. Gwaggo ta yi mako guda ta koma. Mai Fiyano ya ci gaba da aiki, kowace murya tana zaune inda ya ajiye ta, jita jita, ganga ganga. Sai dai kullum in ya gama, yakan zaɓi murya ta saba'in da huɗu ya yi ta lalube, ko zai tuno waƙar. Danni uku na farko yake samu, daga nan sai ta ɓace masa. Ya san ya yi daidai, amma sanin bai hana shi baƙin ciki ba.

Wata rana da yamma lalube ya ishe shi, ya cire hedifon ya ajiye a kan tebur, abin da rabonsa da yi yana tsakar aiki har ya manta. Sai ya ji ta. Tana hawa a hankali, ta ɗan tsaya, ta sauko. Ya fito a guje ba ko takalmi.

Kanari ce tsugune a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ba sarewa ba ce, muryarta ce, a hanci, har tana ɗan kaucewa a wurin hawan.

"Ke! A ina kika samo wannan?"

Ta ɗago a tsorace, kumfa a hannu. "Waƙar Umma ce mana. Ai kullum ina yi tun da ta rasu. Har a bakin ƙofarka ina yi." Ta ajiye kwanon. "In daina ne, Baba?"

Ya waiga ya dubi ɗakin. Fiyano a kunne take, kwamfuta na jira, taku kaɗan ne ya ɗauko abin ɗaukar murya. Ya juya wa ɗakin baya. Sannan ya jawo wani bokiti, ya kife shi, ya zauna kusa da ita.

"A'a," ya ce. "Faro min daga farko. Ina jin ki."