Ranar da Na Yanke Tudun Dogo

A tsakiyar gonarmu ta Bunkure akwai wani miƙaƙƙen tudu. Kakana ya ce ta kansa ƙaramin jirgin ƙasa ke bi da gyaɗa da fasinja, kafin a kwashe ƙarafan. Ba mai taɓa shi. To bana tumatirina na ƙetaren tudun ya fara yaushi, sai bayan magariba na sa fartanya na yanke tudun, ruwa ya wuce.

Ina tsugune sai na ji tafiya, ƙaras-ƙaras, kamar ana taka tsakuwa. Wani tsoho ne riƙe da jar fitila.

"Samari, wa ya yanke hanya?"

"Ni ne, Baba. Ai jirgi ya daina bi tun ba a haifi babana ba."

"Da mutane a ciki fa," ya ce. "Cike."

Na dubi ƙafarsa. Cikin laka yake tsaye, amma takalminsa a bushe. Nan ruwan ya fara rawa, ƙaurin kwal ya cika mini hanci.

Na hau tura ƙasa da hannu bibbiyu.

"Yi sauri, ɗana," in ji shi. "Ba ya tsayawa a nan."