Wa Ya Taka Birkin?

Ni fa ban gama makaranta ba, amma babu wayar motar da ta taɓa gagara ta. Shi ya sa yayana ke jure iya shegena, ko da na taɓa saka masa ƙaguwa a takalmi.

Ran nan dab da magariba muka fito da jirginmu na kamun kifi daga tafki, muka ɗaure shi bisa tirela. Za mu tashi, fitilun bayan tirelar suka ƙi kamawa. Hanyar gida kuwa ta manyan motoci ce, in babu ja a bayanka sai su bi ta kanka.

"Aikinka ne?" in ji Yaya.

"Wallahi yau kam ba ni ba ne."

Na duba fis, lafiya. Na cire soket na hure, na mayar. Na kwance ƙwan fitilar, bai ƙone ba. Saura wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, wadda tsatsa ke kashewa, ita kuma tana can ƙarƙashi.

Motar tana kan gangaren da ke gangarawa cikin ruwa, birkin hannunta ya daɗe da mutuwa. Dutse ne kawai muka sa wa tayar tirelar. Na ce wa Yaya ya shiga gaba, in na kira ya taka birki. Na kwanta rigingine na kutsa.

Ruwa na ɗiga daga cikin jirgin zuwa wuyana. Ƙarnin kifi, warin taɓo. Na kankare tsatsar da wuƙa, na ɗaure wayar tam.

"Taka!"

Ja ya haske ƙasa.

"Ka gani? Injiniya ba takarda! Riƙe haka, kar ka saki."

Dutsen na tokare mini kafaɗa, sai na ture shi gefe in kai ga ɗaya wayar. Ai akwai ƙafa a kan birki.

A lokacin na lura kwaɗi sun yi shiru. Duka, lokaci guda.

Takun tafiya a tsakuwa. Ta wajen ruwa yake zuwa, ba ta wajen mota ba. Tocila ta haske mini ido, Yaya ya durƙusa, gemunsa na ɗigar ruwan alwala.

"Kai da wa kake surutu?"

Na kalle shi. Na kalli jan hasken. Yana nan.

"Yaya," na ce a hankali, "waye a gaba?"

Ya ɗaga kai ya duba. Ya haska kujerar direba da tocilar, ya ja da baya.

Ja ya mutu.

Tayar ta mirgino, ta taɓa haƙarƙarina.

Ja ya dawo. Ta tsaya.

Daga cikin motar aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ta hanci, irin ta mai jiran ya ga yadda za ka yi.

Ya mutu. Ya dawo. Rigata ta shige ƙarƙashin taya.

"Kar ka motsa," Yaya ya raɗa. Yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ya kama idon sawuna biyu.

Ja ya mutu.

Yaya ya fizge ni. Rigar ta tsage gida biyu, tsakuwa ta kwashe mini fatar baya. Tirela da jirgi da mota suka wuce mu, suka faɗa ruwa da baya.

Can ƙarƙashin ruwan, ja ya sake kamawa. Muka ruga, ba mu waiwaya ba.

Da safe masunta suka taya mu jawo motar. Ƙofofi a rufe, gilasai a sama. A kan fedar birki akwai shatin ƙafa na taɓo, mai dogayen yatsu.

Yaya ya sayar da jirgin, ya buɗe shagon taya. Ni har gobe ina gyaran waya, kuma babu kamata. Sai dai kafin in shiga ƙarƙashin mota, sai na buɗe ƙofar direba na kalli fuskar wanda ke zaune, na sa ya faɗi sunansa.