Kujerar Sahun Gaba

Tun ranar da ƙanena Lavelle ya ce in kai shi Mississippi a mota jikina ya ba ni. Mutumin da ya shekara tara yana waƙar soyayya a ƙananan gidajen rawa na Memphis, ana sallamarsa da soyayyen kifi, me zai kai shi ƙauye da tsakar rana cikin kwat ɗin zuwa coci?

Gidan wani boka, Papa Ozell, na bayan wata gonar auduga. Ɗaki ne ba taga. Baƙaƙen kyandirori na ci, kwalabe cike da ƙasar kabari jere a kan katako, an kafe hotunan mutane da ƙusa, kawunansu a ƙasa. Tsohon na zaune da baƙar malfa a ka. Ni dai daga bakin ƙofa na tsaya.

"Ɗana, me kake so?"

"A ga fuskata a kowane allo, Baba. Fim, talabijin, duka."

"Da wannan hancin naka?" Ya yi dariya. "Za a gani. Dalarka kuma riƙe abarka. Kujera ɗaya nake so a sahun gaba, duk wasan da za a ɗauka da kyamara."

"Kujera kawai?"

Tsohon ya jawo kunnensa ya yi masa raɗa. Lavelle ya miƙa yatsa aka tsaga, jinin ya ɗiga kan wani madubi. A hanya na tambaye shi me aka raɗa masa. Ya ce, "Yaya Odessa, ke dai ja mota."

Kafin shekara ta zagayo faifan wasansa ya shiga kowane gida, 'yan fim na layi a ƙofarsa. Da yake aikin kyamara sana'ata ce, ni ya ba shugabancin masu ɗauka. Daga cikin motar na'urori nake zaɓar hoton da jama'a za su gani. Al'adar mawaƙanmu kuwa, a waƙar ƙarshe sukan nuna wani a sahun gaba su rera masa, kyamara ta juya kansa, a yi ta tafi.

A wasan Atlanta matarsa Corinne ya nuna. Bayan sati uku aka tsinci gawarta a kicin, ko ciwon kai ba ta yi ba. A Chicago ya nuna kawunmu Thaddeus, wanda har yau yake ɗaure a gadon asibiti yana hira da bango. Zargi ya hana ni sakat. Na ɗauko faifan wasannin biyu na bi su a hankali, hoto bayan hoto. Duk inda kyamara ta sauka bayan ya ɗaga yatsa, akwai baƙar malfar bokan nan a bayan mutumin.

Sai ga mahaifiyarmu da tikiti da sabuwar riga.

"Mama, don Allah kar ki je."

"Ke dai kin cika hassada. Ɗana zai yi min waƙa duniya na kallo."

Na tare shi. "Lavelle, kujerar wa ka ba Mama?"

"Fim uku na sa wa hannu, Yaya," ya ce, bai ko dube ni ba. Ranar na ji tsoron ƙanen da na goya.

Da la'asar aka yi wasan a bakin kogi, kai tsaye ake yaɗawa. Waƙar ƙarshe ta zo, ya durƙusa ya nuna Mama. Mai kyamara ya ce min ta waya, "In juya kanta?"

"Tsaya a kansa."

"Odessa, tsohuwar yake nunawa fa."

"Na ce tsaya."

Lavelle ya waiga ya ga kansa a babban allo, yatsa a sama, malfa a bayansa. Da yake a kansa kyamara ta sauka, muryarsa ta ɗauke nan take, kuma ba ta dawo ba.

Yau gidaje da motocin da ya tara duk sun tafi. Yana zaune a barandar Mama yana nuna masu wucewa, ita ke ba shi faten masara a baki. Mai kwaɗayin suna, ka ji da kunnen basira: in boka ya ƙi kuɗinka, wani naka yake so. Mama har yanzu ba ta yafe min hana ta fitowa a talabijin ba, ni kuma ban taɓa gaya mata dalili ba.