Kilo Goma Sha Ɗaya

Gidan Ridwan da Bilkisu yana can ƙarshen wani layi a Samaru, inda gidaje suke ƙarewa gonakin masara su karɓa. Bilkisu nas ce, shekara goma sha huɗu tana aiki a ɗakin yara na wani asibiti a Sabon Gari. Ko ta dawo gida ba a ce ta tashi daga aiki ba, domin matan layin sun daɗe da mayar da barandarta asibiti. Wanda ya taka kwalba, wanda ya faɗo daga mangwaro, wanda ya cusa gyaɗa a hanci, duk wurin Anti Nas ake kawo su, su shigo da ihu su fita da alewa a baki.

Tana da 'yan ka'idojinta. Ba ta ba yaro magani sai ta ɗora shi a kan sikeli, don ta ce maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Ba ta yi wa yaro magana a tsaye, sai ta durƙusa ido ya daidaita da ido. Ba ta kuma taɓa ce wa yaro ba zafi alhali da zafi. Sannan akwai Hajiya, wata 'yar tsanar tsumma da abokiyar aikinta Sista Bibiana ta ɗinka mata tun farkon kama aiki. Duk abin da za a yi wa yaro sai an fara yi wa Hajiya yana kallo. A duk faɗin Zariya babu wanda ya sha allura kamar baiwar Allahn nan, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Ranar wata Talata, bayan ta gama wanke wa wani yaro gyambo, Bilkisu ta tafasa almakashi da hantsaki a ƙaramar tukunya. An fara kiran magariba, tuwo yana neman kamawa, 'yarta Nana Aisha mai shekara biyar tana jan zanenta. Ta tsame kayan, ta ɗauki tukunyar ta watsa ruwan a gindin lemun tsamin da ke bayan kicin. Ba ta yi bisimilla ba. Ta sani sarai ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa haka nan, balle da magariba, tun tana yarinya aka ja mata kunne a kan wannan. Gaggawa ce kawai.

Wani abu ya yi ƙara a gindin bishiyar, 'yar siririyar ƙara irin ta ɗan kyanwar da aka taka. Ta tsaya da tukunya a hannu. Tururi ya tashi ya baje, ganye ko ɗaya bai motsa ba. Kajin maƙwabta da suke ta hayaniyar shiga akurki suka yi tsit gaba ɗaya.

Tana sallame salla dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ridwan ya fita da faɗa yana neman yaran layi, ya zaga gidan bai ga kowa ba sai masara tsaye. Da ya ɗauki dutsen sai ya yi saurin yar da shi, don da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi. Daga bayan katanga kuma wata murya ta fara kira, muryar mace, a hankali, tana maimaita wani suna da kunne yake ji amma harshe ba ya iya mayarwa. Ana kiran isha'i komai ya ɗauke.

Da suka koma ɗaki suka tarar da Nana Aisha a lungun gado, ta rungume hannunta na hagu a ƙirji. Bilkisu ta haska, ta juya, ta duba, fata lafiya lau, ko ƙurji babu. Amma da yatsa ya kusanci hannun sai yarinyar ta ƙwalla ƙara. Daga wannan maraicen ba ta ƙara cin komai ba, ruwa ma ko a cokali aka kawo sai ta datse haƙora.

Washegari aka kai ta asibiti. An ɗebi jini, an ɗauki hoton hannun, ba a ga komai ba. Sau uku ana sa mata ƙarin ruwa, sau uku ana juyowa a tarar da allurar a ajiye a kan filo, filastar a naɗe tsaf a gefenta. A karo na uku Sista Bibiana, wadda ta girmi kowa a ɗakin kuma ba ta san tsoro ba, ta ja Bilkisu gefe.

"Bilki, ki ji ni da kyau," ta ce. "Wannan ciwo ba namu ba ne. Ki kai ta gida, ki nemi mutanenku."

Suka koma Samaru. Kullum magariba jifa, kullum muryar nan a bayan katanga. Rana ta uku leɓen Nana ya tsattsage, idanunta suka faɗa, idan aka ja fatar cikinta sai ta daɗe ba ta koma ba. Babu wanda ya kai Bilkisu sanin ma'anar wannan. Ta ga yara da yawa a haka, ta san kwana nawa ƙaramin jiki yake iya yi babu ruwa, kuma ta san nata ya kusa cinye nasa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kuma kunyar abin da ta aikata, don har lokacin ba ta gaya wa mijinta zancen tukunyar ba.

Da hantsi ta jawo sikeli, don ta lissafa ruwan da yarinyar ta rasa. Makon jiya Nana kilo sha bakwai ce, yanzu da wannan ramar bai kamata ta wuce sha shida ba. Sikeli ya nuna ashirin da bakwai. Ta sauke ta, ta hau da kanta, ya nuna nata nauyin daidai. Ta sake ɗora yarinyar. Ashirin da bakwai.

Bayan la'asar Ridwan ya zo da Malam Muntasir daga unguwar Jama'a. Dattijo ne dogo mai kakkausar murya, ya shekara talatin yana ruƙiyya, ana ce manyan aljanu da sun ji takunsa suke fara tattara kayansu. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kunna turaren hayaƙi, ya ce Ridwan ya danne kafaɗun yarinyar. Ya fara karatu da ƙarfi har tagogi suna amsawa.

Nana ta sandare, ta fara ihu da wata murya da ba tata ba. Rana ba ta faɗi ba, amma duwatsu suka fara zuba a kan kwano.

"Waye kai?" in ji Malam. "Faɗi sunanka. Wa ya aiko ka?"

Ihun ya ƙaru.

"Ka fita daga jikin yarinyan nan, ko in ƙone ka da ayoyin Allah."

Da jin maganar ƙuna sai ihun ya canza, ya zama wani siririn kuka mai shiɗewa, jikin Nana ya lanƙwashe har Ridwan ya kusa kasa riƙe ta. Bilkisu tana bakin ƙofa, sai ta ji ta san kukan nan. Shekara goma sha huɗu tana jin sa. Kukan yaro ne da manya suka taru suka danne ba tare da an gaya masa abin da za a yi masa ba. Lissafin sikelin ya faɗo mata a rai. Kilo goma sha ɗaya, nauyin ɗan shekara biyu zuwa uku.

Ta shigo ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa. Wanda ke jikinta yaro ne."

Malam ya dakata, ransa a ɗan ɓace. Ta gaya masa zancen sikeli, sannan ta sunkuyar da kai ta faɗi na tukunya, a gaban mijinta. Dattijon ya daɗe yana kallon yarinyar, can ya ce, "Shekara talatin da manyansu nake fama. Ban taɓa tunanin tambayar shekaru ba. Malam Ridwan, sake ta. A fitar da hayaƙin nan."

Ya sauko ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafafu, ya ci gaba da karatun a hankali kamar mai lallashin jariri. Kukan ya koma shessheƙa. Jifan ya ragu, sai ɗai-ɗai.

"Ke ce ko kai ne?" ya tambaya.

"Ni ce," in ji muryar daga bakin Nana, 'yar ƙarama, harshen bai gama nuna ba.

"Me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Anti Nas ta zuba mini ruwa. Ina zaune ina kallo. Kullum ina kallo, ana ba su alewa." Ta ja numfashi. "Na shigo ta sa mini magani. Ta duba ba ta gani ba."

Hawaye ya zubo wa Bilkisu, ba ta share ba.

"Wacece take jifa?" in ji Malam.

"Inna. Ta ce in fito. In na fito zafi."

"Kin san yarinyan da kika shiga za ta mutu in ba ta sha ruwa ba?"

Can ta ce, "Ruwa ƙuna."

Malam ya dubi Bilkisu, ya ɗan ja da baya ya ba ta wuri. Ta tashi ta wanke hannu, ta ɗauko tiren aikinta da Hajiya. Ta durƙusa har idonta ya daidaita da idon 'yarta, inda wata take leƙowa.

"Ni na ƙona ki," ta ce. "Ban gan ki ba, kuma ban yi bisimilla ba. Ki yafe mini. Ina so in wanke miki, amma a jikin Nana ba na ganin ciwon. Kin san Hajiya?"

"Mai shan allura."

"Ita. Ki koma jikinta, ki nuna mini wurin a hannunta."

"Zai yi zafi?"

Ridwan ya girgiza mata kai, yana roƙonta da ido ta ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma ran 'yarsu yana rataye da ita. Bilkisu ta ji ƙaryar ta zo har bakinta. Amma wannan yarinyar ta daɗe tana zaune a gindin lemo tana kallon aikinta, ta san abin da Anti Nas take cewa da abin da ba ta cewa.

"Zai yi zafi," ta ce. "Wurin wankewa. Zan ƙirga goma, kafin in kai ya wuce. Daga nan sai sanyi."

Idon da ke leƙowa ya koma kan alewar da ke cikin tire.

"A ba ni alewa biyu. Kuma Hajiya tawa ce."

"Taki ce."

Nana ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta sulale a jikin ubanta. A lokaci guda 'yar tsanar ta yi nauyi a cinyar Bilkisu, nauyin yaro sosai, da ɗuminsa. Hannun tsumman na hagu ya jiƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, warin ƙuna ya cika ɗakin.

Bilkisu ta yi bisimilla, ta jiƙa auduga, ta fara wankewa tana ƙirgawa a fili. A kan huɗu tsumman ya fara rawa a hannunta. A kan bakwai wani dutse ya faɗo da ya lotsa kwanon. Ba ta tsaya ba, ba ta kuma yi sauri ba. Da ta kai goma ta shafa magani, ta ɗauko bandeji. A bayanta ta ji muryar Nana, tata ta gaskiya, a dishe, tana cewa, "Abba, ruwa."

Malam Muntasir ya gyara zama, ya buɗe baki zai ɗauki alkawarin da ake ɗauka a ƙarshe, cewa an fita ke nan ba dawowa. Ita kuwa Bilkisu tana ɗaure bakin bandeji, hankalinta duk yana kan aikin, zuciyarta ta yi sanyi da jin ana haɗiyar ruwa a bayanta. Sai bakinta ya faɗi abin da yake faɗa wa kowace uwa shekara goma sha huɗu. Ta ɗaga kai wajen taga ta ce, "Kar a bari ya jiƙe. A dawo da ita jibi a canza."

Jifa ya tsaya cak. Daga bayan katanga muryar macen ta ce, "To."

Cinyar Bilkisu ta zama wayam. Babu Hajiya, babu alewa biyun da ke kan tire.

Malam ya miƙe. Da zai tafi, yana sa takalmi, ya ce, "Maman Nana, da bakinki kika gayyace su. Wannan ba ni da ikon warware shi. Kwana nawa ƙuna irin wannan take yi kafin ta warke?"

"Sati uku," ta ce. "In ba ta yi ruwa ba."

"To Allah ya sa kar ta yi. Ki riƙe bisimilla, kuma kar ki saɓa musu lokaci."

A daren Nana ta sha kunu rabin kofi. Da safe sikeli ya nuna sha shida.

Ranar da aka yi da su, da la'asar sakaliya, Bilkisu ta sallami matan layi da wuri, ta ce wa Ridwan ya shiga ɗaki da Nana ya rufe ƙofa. Ta tafasa almakashi, ta bar ruwan ya huce a tukunyarsa. Kajin maƙwabta suka yi tsit. Da ta fito baranda, Hajiya tana zaune a kan bencin da yara suke jiran layi, bandejin ya yi ɗan datti amma bai jiƙe ba. Inuwar lemun tsamin ta miƙo har bakin matakala, ta fi ta kullum tsawo, kuma ba ta motsi.

Bilkisu ta matsa kusa da bencin. Ta ɗauki 'yar tsanar da hannu biyu ta ɗora a kan sikeli, ya nuna kilo goma sha ɗaya. Ta mayar da ita kan benci, ta yi bisimilla, ta durƙusa.

"Zai yi zafi," ta ce, "amma bai kai na shekaranjiya ba."